Ɗakin Ƙasa

"Kare? A ɗakin Umma?" Mujahida ta dafe ƙirji. "Hatim, lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Sati shida ne kacal! Daktur ya ce mamnu'u, kada ya kuskura ya hau bene."

Hajiya Hadijatu na zaune bakin gado tana bin 'ya'yan nata biyu da ido, ta kasa kama bakin zaren. Ga dai kare kwance a kan tabarmarta, wani dogo siriri mai gadin tumakin Hatim a bayan gari. An aske masa ƙafar baya tas kamar ƙeyar alhaji ranar Babbar Salla, an ɗinke, an kafa masa wani mazurarin roba a wuya don kada ya lashi ɗinkin.

Wai jijiyar gwiwarsa ce ta tsinke garin tsallake katanga. Wai har Jidda aka kai shi, aka yanka ƙashin, aka ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Ita fa a iya saninta, kare in ya ji ciwo ɗingishi yake yi har ya gaji ya daina.

Matar Hatim kuwa, 'yar gayun unguwar Rusaifa, ta rantse najasa ba za ta taka mata kafet ba. Nan ne aka tuna akwai tsohuwa a unguwar Hindawiyya mai ɗaki a ƙasa.

*

"Umma ta koma ɗakin sama, ya fi iska," in ji Hatim, idonsa a kan waya.

Mujahida ta ce, "Hawa uku! Matar da shekara huɗu a kujera take salla? Tun bara kake cewa asibiti sai bayan Hajji. Hajjin ya wuce, ga wani ya ƙarato!"

"Halas, shi ke nan, ke ki kai ta mana, uwar tausayi."

Hajiya ta sunkuya ta duba ɗinkin. Tsaf, ko tela sai haka. Ta shafa tata gwiwar, kumburarriya kamar ƙwarya, sai warin man zafi.

"Hatim," ta ce a hankali. Wallahi ba gatse ta yi ba, baiwar Allah so take ta sani. "Likitan nan nasa, yana duba mutane?"

Hatim ya suri makullin motarsa.

"Kafin la'asar a hau da kayanta sama."

Ya fita, ya buga ƙofa har carbin da ke rataye ya faɗo. Karen ya ɗago mazurarinsa. Shi da Hajiya suka zuba wa matakalar benen ido.