Sirrin da Tsinke Ta Riƙe

Dokar Koci ɗaya ce, kuma ko kurma ya san ta: duk wadda ta ga likita, sati biyu ba ita ba fili. Shi a ganinsa tausayi ne. 'Yan gudunsa kuwa sai suka mayar da ita makarantar ƙarya. In ƙafarki ta kumbura, ki ɗaure ta a banɗaki, ki ja safa ki rufe, ki fito kina washe baki. A wannan sana'a babu kamar Tsinke da Ƙarfe. Shekara uku suna gudun mita ɗari huɗu tare, ɗaya na tsaron ƙofa, ɗaya na shafa man zafi.

Ranar da abin ya faru, daga gasa suke dawowa a bas da rana tsaka. Saura kwana tara a yi gwajin zaɓen masu wakiltar ƙasa, kuma Ƙarfe ce ta zo ta ɗaya a gasar ranar. Ta cika bas ɗin da surutu, tana tsokanar Tsinke.

"Ke waɗannan ƙafafu naki, da ba a ɗaure takalmi ba iska ce za ta kai ki layin ƙarshe."

"Ke kuma bakinki ya riga ƙafarki isa," in ji Tsinke.

Direba na ƙoƙarin wuce wata tirela, tayar gaba ta fashe. Tsinke ta ga kwalta a inda sama take, ta ga jakunkuna suna yawo a kanta, daga nan ba ta san komai ba. Da ta farfaɗo, tana kwance a bakin titi, jini ya rufe mata ido ɗaya, hannun dama ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Direba bai ko shura ba. An lulluɓe shi da tutar ƙungiya. Koci na zagaye da takalmi ƙafa ɗaya, yana ƙirga yaransa, yana ɓata lissafi, yana sakewa.

Ƙarfe ce zaune kusa da ita, ko ƙwarzane babu a jikinta. Sai dai ta dafe haƙarƙarin hagu, leɓenta ya yi fari fat, gumi na tsattsafo mata alhali hannunta sanyi ƙalau.

"Mene ne?" Tsinke ta tambaya.

"Kujera ce ta buge ni. Ƙishi kawai nake ji." Ta matso da bakinta kunnen Tsinke. "Kar ki faɗa. Kwana tara ne, Tsinke. Don Allah kar ki faɗa."

Motar asibiti ɗaya ce ta iso, mai ɗaukar mutum uku. Wata nas ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar inda ke ciwo. Da ta zo kan Ƙarfe, yarinyar nan ta miƙe tsam, har da ɗan tsalle-tsalle kamar mai shirin shiga tsere. Nas ɗin ba ta gamsu ba. Ta dube ta, ta juyo ga Tsinke da ake ɗorawa a gadon ɗaukar marasa lafiya.

"Ƙawarki ce ko? Ta ce miki wani wuri na yi mata ciwo?"

Kaico! Kalma ɗaya ake nema. Amma bakin da ya shekara uku yana abu ɗaya ba ya jiran shawarar mai shi.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Tsinke.

Ƙarfe ta kashe mata ido. Aka rufe ƙofa.

Mota ta biyu ba ta zo ba sai bayan awa biyu. Kafin nan Ƙarfe ta ce bari ta ɗan kishingiɗa a inuwar tirela, aka ba ta jaka ta yi matashi. Da aka zo tashinta, babu. Likita ya ce saifarta ce ta fashe, jini ya yi ta zuba a ciki. Ya ce da an kawo ta a motar farko, aikin awa ɗaya ne. A gaban Tsinke ya faɗa wa Koci haka, yana duba ɗaurin hannunta, bai san wa yake yankawa ba.

Kwana biyar bayan nan mahaifiyar Ƙarfe ta zo dubiya. Ta ajiye ledar lemo a kan durowa, ta zauna a bakin gado, ta gyara wa Tsinke bargo.

"Sannu 'yar nan. Ya hannun?"

"Da sauƙi, Mama."

"An ce ke ce ta ƙarshe da ta zauna da ita. Ni ba komai nake so ba, ki faɗa mini ko ta sha wuya."

Tsinke ta buɗe baki. Tana tsoron matar nan fiye da yadda ta ji tsoron tirelar. Hawaye ne kawai suka zubo.

"Bari, bari, na yi kuskure da na tambaya." Matar ta sa gefen mayafinta ta share mata fuska. "Rai ya yi halinsa. Ni dai na gode miki. Kullum in ta dawo gida sai ta ce, 'Mama, duk duniya Tsinke ce kaɗai ba ta taɓa tona mini asiri ba.'"