Laka Da Gawar Barmo

Shekara huɗu ke nan ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai leƙa ƙarƙashin kogi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na'urarmu sauti take aikawa cikin ruwa, ta saurari amsa-kuwwar da ta dawo, ta zana a allo. Matsalar ita ce komai amsawa yake yi: laka, kumfa, kifi, shara, kowa da bakinsa kamar Kantin Kwari ana jibi salla. Aikina in tace hayaniyar nan har abin da ake nema ya fito. Mu kuwa kullum ƙarfe muke nema, angar jirgi ko kwantenar da ta faɗa ruwa, shi kuwa ƙarfe amsarsa da ƙarfi take dawowa.

Ranar wata Talata Barmo, ɗan Maraɗi mai fataucin tayil, ya zame daga bakin tasha yana duba lodi, ruwa ya tafi da shi. Washegari yayansa, Alhaji Tankari, ya same ni a ofis. Ya ce ba rai yake nema ba, ya san an wuce nan. Gawa yake so, a yi mata wanka a sa ta a ƙasa, tsohuwarsu ta san inda ɗanta yake kwance.

Na roƙi maigidanmu, wani Basine ɗan ƙasar, ya ba mu jirgi yini ɗaya. Ni da bakina, uwar iyayi, na ce wa Alhaji ko cokali ne a ƙasan kogin nan sai na gan shi.

Na kunna na'ura, hannuna ya saita matatar sautin yadda ya saba, ta riƙe ƙarfe ta zubar da duk amsa mai rauni. Jikin mutum ba ƙarfe ba ne, amsarsa raunana ce, kusan ɗaya da ta laka. Na san wannan sarai, wallahi har jarrabawa na ci a kansa. Amma allo ya fito fes, ni kuma ina ta jin daɗin gwanintata. Da la'asar na ce babu.

Ranar Juma'a aka yi wa Barmo sallar ga'ib. Ranar Lahadi zuciyata ta ƙi kwanciya, na buɗe ɗanyen sautin da ban tace ba. Ga shi nan, a zurfin mita goma sha ɗaya, jikin wani ginshiƙi: inuwa mai tsawon mutum. Sau biyu muka bi ta kansa. Litinin na koma da jirgi ban gaya wa kowa dalili ba, igiyar ruwa ta riga ta share wurin.

Har yau kunyar kaina nake ji. Jiya Alhaji ya tare ni a titin Huanshi Lu, ya miƙo mini ƙullin kilishi.

"Najiba, tsohuwa ce ta aiko miki. Ta ce Allah ya yi miki albarka. Tunda ke kika duba kika ce babu, ta haƙura."

Na sa hannu biyu na karɓa, na ce amin.