Giyar Hannu a Garejin Zakiru

Surayya na cikin tankaɗen garin hatsi maƙwabciyarta Dela ta leƙo ta kan katanga, ta ce ta ga jar motar Halidu, mijin Surayya, a garejin Zakiru, an buɗe mata baki, ga kuma wani ƙaton ƙarfe da aka sauke daga motar Maradi an ajiye a gefenta. Surayya ta ajiye rariya. Da safe, da Zakiru ya zo ɗaukar motar, Halidu ce mata ya yi mai kawai za a canza. Ko hannu ba ta tsaya wankewa ba, ta goya 'yarta Ramla, ta yafa mayafi, ta fita.

Motar BMW ce ta tsohon yayi, mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na shafar yashi. Halidu ya saye ta a hannun wani Bature da ya yi wa tuƙi, lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu. A Dakoro ba ta da wani amfani. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta iya hanyar Korahane. Amma duk Juma'a da la'asar sai ya hau kwaltar Maradi da ita, ya dawo fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir. Ana nan ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Ɗan Gulbi, gwiwarsa ta hagu ta karye, ta warke a sandare. Ita ce kuwa ƙafar da ake taka ambiriyaj da ita kafin a sa giya. Tun daga nan motar ke kwance ƙarƙashin rumfa.

Ramla kuma ciwon sikila gare ta. Lokotoro ya ce sai an riƙa kai ta Yamai, kuma ba tafiya ɗaya ba ce. Da bakinsa Halidu ya ce a sayar da motar. Suka samu mai saye, wani Rashidu a Yamai, cikin mutanen nan masu tara tsofaffin motocin gudu. Surayya ce ta riƙe salula ranar da aka nuna masa motar ta bidiyo, don haka da kunnenta ta ji. Bai tambayi fenti ba, bai tambayi tayoyi ba. Cewa ya yi a haska masa sandar giya. Da ya gani ya yi dariya, ya ce indai buwat ɗin, wato akwatin giya, na hannu ne na asali, zai zo da kansa bayan Sallah. Masu otomatik kuwa sun cika Kwatano, ko rabin kuɗin ba zai ba da a kansu ba.

Ta tarar da maza zaune kan benci ana dafa shayi, Halidu a tsakiyarsu, sandarsa jingine da bango. Da ya gan ta ya kau da kai. Zakiru ya taso yana goge hannu da tsumma, ya gaishe ta, ya soma bayani tun ba ta tambaya ba. Wai gyara za a yi wa motar, ba ɓarna ba, wannan ƙarfen buwat ɗin otomatik ne da za a sa mata. Wai yau duk Alhajin da zai saya wa madam mota a Maradi, otomatik yake tambaya, giyar hannu ta zama ta masu taksi.

"Malam Zakiru," in ji ta, "wane Alhaji ne zai saya wa matarsa motar da sai an kwantar da kujera kafin a shiga baya?"

Wani a bencin ya ƙware da shayi. Zakiru ya ce ai ko ba komai tsohon buwat ɗin na nan, za a adana shi, ranar da aka so a mayar. Ta tambaye shi ko za a yanka wani abu. Ya ce wayoyi ne kawai, sai ambiriyaj da za a cire, sai kuma ɗan ƙarfen ƙasa da za a faɗaɗa. Ta ce to in an mayar, za ta koma yadda take? Ya dubi Halidu, ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

Surayya ta kwance goyo, ta buɗe motar, ta kwantar da kujera ta zaunar da Ramla a baya. Sannan ta zauna mazaunin direba, ta tattara zanenta, ta ja ƙofa ta rufe. Ta tagar ta ce duk wanda zai kwance buwat ɗin nan, sai dai ya ɗaga motar da ita da 'yarta a ciki.

Masu wucewa suka soma rage tafiya. Tunda aka yi aurensu ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba, amma ba ta saki sitiyarin ba. Halidu ya ɗauki sandarsa ya ɗingiso har bakin taga, ya sunkuyo.

"Surayya, kin tara mini jama'a."

"Kai ka kawo mu nan, Abban Ramla. Ce mini ka yi mai za a canza."

Ya yi ƙasa da murya. Ya ce ba wai ya fasa sayarwa ba ne. So yake ya sake tuƙa ta ko da na ɗan lokaci ne kafin ta bar gidan. Ya ce ita ba ta san yadda mutum ke ji ba, ya tashi kullum ya ga motarsa, makulli na aljihunsa, ya kasa fitar da ita ƙofar gida.

"Ban sani ba," in ji ta. "Abin da na sani shi ne kukan yarinyar nan in ciwon ya shiga ƙashinta. In ka taɓa buwat ɗin nan, rabin maganinta ka zubar."

Ya dubi bayan motar. Ramla na ta ƙoƙarin cusa yatsa cikin ramin ɗinkin kujera. Surayya ta bi shi da kallo. Sai ta miƙa hannu ta buɗe ɗayar ƙofar.

"Ƙafata lafiyarta lau. Zagayo ka zauna. Ni in taka, kai ka sa giya."

Ya ce ta haukace, ko keke ba ta iya ba. Ta ce to yau za ta koya, in kuwa ya ƙi, nan za ta yi azahar, ta yi la'asar. Daga benci wani dattijo ya ce, "Halidu, shiga mana. Mu ma mu ga direban da ba ya taka komai." Aka yi dariya, shi ma bakinsa ya ɗan motsa. Ya zagaya, ya tura kujera baya don ƙafar ta samu wuri, ya zauna.

Zakiru ya rufe bakin motar da ƙarfi yana mita, wai shi yanzu ya zai yi da buwat ɗin da ya sa aka kawo tun daga Maradi. Halidu ya ce motar da ta kawo shi ba ta manta hanya ba.

Ya nuna mata abin takawa na hagu, ya ce ta danne shi har ƙasa. Ta murɗa makulli, injin ya ɗauka da gurnani har Ramla ta tafa hannu. Ya ɗora hannun hagu kan sandar giya ya tura, ya ce ta saki a hankali. Ta saki gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle ta mutu. 'Yan benci suka kwashe da dariya, wani ya ce a janye butar shayi daga hanya.

Surayya ba ta ko waiga ba. Ta gyara mayafi, ta sake dannawa, ta sake murɗawa. Wannan karon motar ta yi rarrafe ta fice daga garejin, ta kusa shafar amalanken mai ruwa, ta hau titi tana kakkarwa. Halidu ya karkata kai yana sauraren injin, hannunsa a kan sandar.

"Ƙara mata wuta kaɗan," in ji shi. "Yauwa. To, taka."

Ta taka, ya ja giya ta biyu.