Mai Ba da Waƙa Ran Lahadi

Manaja ya yi wa direbansa, Baban Waƙa, tayin kujerar shugaban direbobi ranar Asabar, a cikin mota, suna tsaye a cunkoso.

Bai fito fili ba. Cewa ya yi kujerar ta daɗe babu kowa, kuma bayan mutum ba ƙarfe ba ne. Sannan ya gyara zama, ya ce Madam, matarsa, tana so ta ba da waƙa gobe a coci, tunda akwai baƙi.

"Kai ne shugaban mawaƙa. Ka san yadda za ka yi."

"To, ranka ya daɗe."

Baban Waƙa ya san muryar Madam. Tun da ta shiga cikin 'yan amshi ya ajiye ta a layin baya, kusa da ganga, don a zauna lafiya. Mai ba da waƙa kuwa Gwaggo ce, gwauruwa mai ɗinki. Ita ke tsayawa gaba tun yaransa suna rarrafe.

Ya kai Manaja gida, ya wanke mota, ya miƙa makulli. Da zai fita sai da ya dafa bango. Haka bayansa yake masa yanzu: in ya zauna tashi aiki ne, in ya tashi miƙewa aiki ne. Shugaban direbobi ba ya tuƙi. Tebur gare shi da fanka, nasa kawai ya ce wane ka tafi can. Yaran da ya koya wa riƙon sitiyari sun hau kujerar sun wuce, shi yana nan.

A gida ya kwanta rub da ciki, matarsa tana murza masa man zafi. Ya faɗa mata. Hannunta ya tsaya.

"Ba ka ji Fasto ba wancan makon? Ya ce ɗaukaka daga Ubangiji take, amma ta hannun mutum take biyowa. Bawa ya sami tagomashi wurin maigidansa, sai a ɗora shi kan dukan gida."

"Ya ce da aminci ake samun tagomashin."

"Naka amincin me ya kawo mana? Man zafi. Allah ya buɗe ƙofa, kai kana tsaye kana auna faɗinta."

"Kin taɓa jin matar nan tana waƙa?"

"Na ji. Ubangiji zuciya yake dubawa."

"Jama'a kuwa kunne gare su."

Ba ta yi dariya ba. Ta rufe kwalbar.

"Waƙa ɗaya ce, Baban yara. Kunne zai warke. Bayanka fa?"

Ya sa riga ya fita.

Kafin ya kai bakin titi ya gama shirya maganar. Ba zai cire Gwaggo ba. Shi bai taɓa cire kowa don a ga dama da shi ba, kuma duk ikilisiya ta san haka. Ita za ta ce mura ta kama ta. Madam ta cike gurbi, ba wanda ya ji kunya. Ya tsaya wurin mai tebur ya sayi alewar tari.

Shagon Gwaggo ɗan tsukut ne, keken ɗinki ya cinye rabinsa. Rigunan mawaƙa suna rataye a bango, ɗaya tana kan cinyarta tana bin wuyanta da zare mai ƙyalli.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

"Sannu, Baban Waƙa. Ja kujera, na ga tafiyar taka."

Ya zauna a hankali. Ya dubi rigar.

"Ta Madam ce," in ji ta. "Da safe ta aiko. Wai a ƙawata mata wuya, tunda gaba za ta tsaya."

Ya ajiye alewar a kan keken.

"Na ce ko muryarki tana son hutu gobe. Mura tana yawo a gari."

"Ba ta biyo ta nan ba."

Sai ya faɗa mata komai, da kujerar, da fankar, da bayan. Bai kalle ta ba. Ta saurara har ya gama, allura ba ta tsaya ba.

"Allah ya ba ka kujerar," ta ce. "Ka daɗe da cancanta. Kai ka sa ni gaba, kai ke da ikon mai da ni baya. Gobe ka tsaya gaban mawaƙa ka ce Madam ce za ta ba da waƙa. Zan koma kusa da ganga in yi amshi, ba wanda zai ji ƙorafi daga bakina."

"Za su tambaye ni dalili."

"Sai ka faɗa musu."

Ya shafa gwiwa. Shekara da shekaru yana koya wa mawaƙan nan cewa wanda ya fi murya shi ke gaba, ko ɗan wane ne.

"Gwaggo, kalma ɗaya ce. Ki ce mura. Ki rufa mini asiri."

Ta tsinke zaren da haƙori, ta ninke rigar, ta turo masa alewarsa.

"Lafiyata ƙalau," ta ce. "Ba zan ce ba."