Makirufon Malama Verna

Ranar Lahadi da la'asar, ana tashi daga wasa, Baba Orrin ya zo tagar sayar da tikiti ya dangwarar da abin sauraren kunne a gaban Curtis Brandvold.

"Wannan ma mushe ne," in ji shi.

"Haba Baba, sabo ne fil. Jiya na fito da shi daga kwali."

"To sabon mushe ne. Kowa ina jin sa. Yaron nan na Chicago har haɗiyar yawunsa ina ji. Amma Verna, sai dai in ga baki yana motsi kamar na kifi."

Curtis ya ɗauki abin ya jujjuya, ya hura shi, ya ƙwanƙwasa a tafin hannu. Ya san lafiyarsa ƙalau. Tsofaffi masu nauyin kunne ake ba irin sa, kuma ba ya kawo komai sai abin da ya bi ta teburin sauti. Makirufon Malama Verna kuwa tun watan Yuni a kashe yake, kuma shi Curtis, daraktan gidan, shi ya ce a kashe.

"Zan sa Jolene mai sauti ta duba," ya ce, bai ɗaga kai ba.

Har yau mutanen garin Tamarack Bend "Garke" suke ce wa gidan wasan, don ɗakin shanun Baba Orrin ne a da. Shekarar da farashin madara ya faɗi ya sayar da shanun, sai amaryarsa Verna, malamar waƙa a makarantar gari, ta hana shi sakat har ya share mata ɗakin. Wasansu na farko a kan dammunan ciyawa mutane suka zauna, aka haska dandamali da fitilun motoci. Yau sama da shekara hamsin ke nan, duk bazara sai an yi wasannin waƙe-waƙe uku a jere, samari da 'yan mata su zo daga manyan makarantu a rarraba su gidajen mutane, su yi ta cin masara da cuku har kaka ta kore su. Kuma ba a taɓa buɗe labule babu Verna ba. Ta fito a amarya, ta fito a uwa, ta fito a kaka. Yanzu a layin 'yan amshi take, gefen hagu. Orrin kuwa kujerarsa ɗaya ce, bakin layi na biyu, bai taɓa fashi ba.

Bana muryar ta tafi. Takan shiga waƙa kafin kowa, ta tsaya a kan sautin da ba shi ba ne, a gama a bar ta tana ja. Ran gwajin farko Curtis ya ga baƙin yaran suna cizon leɓe don kada dariya ta ƙwace musu. Ya yi niyyar yi mata magana, har ya bi ta ɗakin kwalliya. Da ta juyo ta ce, "Me ya faru, Curtis?" da muryar da ta koya masa waƙa yana ɗan firamare, sai ya ce rigar ta yi mata kyau. Daga can ya haura wurin Jolene mai kula da sauti ya ce ta sauke maɓallin Malama ƙasa. Kullum dai ana manna mata makirufon a kumatu kamar kowa.

Ranar Laraba suna cikin buga katakon wasa na uku, a-kori-kurar Baba Orrin ta tsaya a bakin ƙofa. Bai shigo ba, ya yafito Curtis da hannu.

"Kada ka wahalar da yarinyar nan a kan abin kunne," ya ce. "Na je wurin likita jiya."

"Likita kuma?"

"Ya ce haka tsufa yake. Siririyar murya ita ke fara ɓacewa. Ta mata, ta tsuntsaye. Na ce masa tsuntsaye su je abinsu, ban taɓa sayen tikitinsu ba." Ya yi 'yar dariya. "Ba zan zo Lahadi ba, yaro. Wasa na ukun ma ba na jin zan zo."

"Baba, kai fa ba ka taɓa..."

"Na sani. Amma me zan zauna yi? Kullum a hanyar gida sai ta ce, 'Yaya ka ji ni?' Ni kuma in ce, 'Kin fi kowa.' Tun Yuni nake yi wa matata ƙarya. Ban saba ba, kuma ba na iya barci da shi. Zan ce mata bayana ne ya matsa, in kawo ta in jira a mota." Ya riƙe hannun Curtis. "Tsakaninmu ne wannan."

Curtis ya tsaya da guduma a hannu har motar ta sha kwana. Sai ya haye soron da teburin sauti yake. Jolene tana zaune ta ɗora ƙafa a kan kujera tana cin gugguru.

"Ga shi nan, sarkin kashe makirufo," ta ce. "Yau na wa za mu kashe? Na mai fiyano?"

"Ba wasa na zo yi ba."

Ya faɗa mata abin da Baba Orrin ya ce. Ta daina tauna.

"Ai na gaya maka tun farko ka je ka same ta. Namiji guda, gemu har ƙirji, kana tsoron tsohuwar da ba ta kai kafaɗarka ba."

"Ke ba ta koyar da ke ba ne."

"Ta koyar da ni mana. Ita ta ce in bar waƙa in nemi sana'a. Ga ni."

"Za ki iya tura muryarta cikin abin kunne kaɗai, ba tare da ta fita lasifika ba?"

Jolene ta kalle shi sheƙeƙe. "Zan iya. Amma ba shi kaɗai ke sawa ba fa. Duk tsofaffin cocin Lutheran za su sha."

"Yi kawai."

"Wato ƙarya ta haihu, za mu yi mata suna."

Da yammar nan ya buga wa Orrin waya ya ce an gano matsalar, wata waya ce ta tsinke a teburi, kunnensa lafiya lau. Tsohon ya ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka, yaro." Curtis ya ajiye wayar kamar ta ƙona shi.

Lahadi gida ya cika. Zafi ake yi, mata suna fifita da takardar shirin wasa, tsattsewa suna shawagi a rufi. Curtis ya laɓe a gefen labule inda yake hango layi na biyu. Da 'yan amshi suka shiga waƙar girbi, ya ga wata tsohuwa, Misis Haugen, ta zabura ta cire abin kunnenta tana dubawa. Wani tsoho a baya ya shiga bubbuga nasa a gwiwa. Orrin bai motsa ba. Ya dafe abin da hannu biyu, kansa a sunkuye, har aka rufe labulen hutu.

A waje, gindin bishiyar da ake sayar da lemo mai sanyi, Orrin ya tare Curtis.

"Gyaran naku bai yi ba," ya ce a hankali. "Tana fitowa, amma abin yana ɓata ta. Yana sa ta riga kowa, yana karkarwa. Verna ba haka take waƙa ba. Ka ce wa yarinyar ta ƙara dubawa."

Ga mafita ta samu. Da Curtis ya ce to, da shi ke nan. Ya kalli kunnuwan tsohon, sun yi ja inda abin ya matse su.

"Babu abin da ya lalace, Baba. Ba a taɓa samun wayar da ta tsinke ba. Ni na sa aka kashe makirufonta tun Yuni. Abin da ka ji yanzu, muryarta ce."

Orrin ya kalli kofin lemon da ke hannunsa.

"Tun Yuni."

"E."

"Ka bar ni na je wurin likita."

"Ban san za ka je ba."

"Su waɗannan fa?" Ya nuna jama'a da haɓa. "Yau sun ji ta?"

"A'a. Masu abin kunne kaɗai."

"Wato mu kurame." Ya zubar da sauran lemon a gindin bishiya. "Ni na kwashe kashin shanu daga ɗakin nan da hannuna don matar nan ta yi wa mutane waƙa. Ba don a tsayar da ita kamar gunki ana manna mata abu a fuska ba. Ko ka kunna kowa ya ji, ko ka je ka faɗa mata ido da ido. Ni ba zan faɗa ba. Ba ni na kashe ba."

Aka kaɗa ƙararrawar komawa. Tsohon ya mayar da abin kunnensa ya shige.

Curtis ya nufi ɗakin kwalliya. Ƙofar a buɗe take. Malama Verna tana gaban madubi tana danna gam ɗin makirufon da zufa ta ɓanɓare daga kumatunta.

"Zo ka manna min wannan da kyau," ta ce. "Kada na layin baya su rasa ni."

Ya manna. Ta ce ya gyara tsayuwarsa, ya cika ranƙwafawa. Ya ce to, Malama. Ya fito ya haura soro.

"Kunna," ya ce wa Jolene. "Gida duka."

"Ka yi mata magana?"

"Kunna kawai."

"Curtis, wannan ba..."

"Na ce ki kunna."

Waƙar buɗe kashi na biyu ta biki ce, fiyano ya fara, sannan kowa ya shigo tare. Verna ta riga su. Muryarta ta fito ita kaɗai daga lasifikoki, babba, tana rawa, ta cika Garke har rufi. Wani yaro a tsakiya ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta toshe masa baki. 'Yan amshi suka shigo a rikice.

Ita ma ta ji. Duk bazarar nan ba ta taɓa jin kanta ta dawo mata daga bango ba, sai yau. Ta kai hannu kumatu. Ta ɗaga kai ta dubi soro, daidai inda Curtis yake tsaye. Daga nan har aka rufe labule tana nan a layinta, tana taka rawar, tana murmushi, leɓɓanta suna bin baitin. Amma allurar da ke auna muryarta a gaban Jolene ba ta sake motsi ba.

Bayan wasa ta same shi a bakin ƙofar baya. Ta riga ta sauya kaya, jakarta a hannu. Ta miƙa masa makirufon, gam ɗin yana manne a jiki.

"Tun yaushe?"

"Yuni, Malama."

"Lokacin da muryarka ta fashe, kana ɗan saurayi, wa ya cire ka daga 'yan waƙar coci?"

"Ke ce."

"A gabanka na faɗa, ko a bayanka?"

"A gabana."

"Ka mutu?"

Curtis ya karɓi makirufon.

"Ka yi kuka, na ba ka alewa, washegari ka dawo kana jan labule." Ta gyara jakarta. "Ka nemi wata a madadina a wasa na uku."

Orrin yana tsaye ya buɗe mata ƙofar mota. Ya kama gwiwar hannunta ta hau, ya zaga ya shiga. Babu wanda ya waiwayo a cikinsu.

Motocin masu kallon wasan yamma sun fara shigowa fili. Wata yarinya daga cikin 'yan amshi ta leƙo, rabin kwalliya a fuska.

"Darakta, an ce Malama ta tafi gida? To wa zai tsaya a gefen hagu?"

Curtis ya cusa makirufon a aljihu.

"Ku matsa," ya ce. "Ku rufe wurin."