Hannun Hagu na Verna Mae

Verna Mae Suggs tana yanka kuɓewa a kicin ɗinta da ke kudancin birnin Memphis na Amurka, sai wayar gidan ta yi ƙara. Ƙanwarta Odell ce ta ɗauka, don ita ce mai saurin ƙafa a gidan, ko da yake ita ma ta ba saba'in da takwas baya. Ta saurara kaɗan, sai ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta ce wata ce, daga jin murya farar fata, tana neman matar da ta kaɗa wa Doyle Ransom fiyano.

"Ki ce mata ba nan ba ne," in ji Verna, ba ta ko ajiye wuƙa ba.

Odell ta buɗe wayar ta ce wa matar ga ta nan a tsaye, tana goge hannu ne kawai.

Sunan matar Lenore Hatch, injiniyar sauti ce. Ta yi bayani cikin ladabi cewa kamfanin da take wa aiki ya sayi zarurrukan asali da aka ɗauki waƙoƙin marigayi Doyle Ransom a kansu, na faya-fayensa uku na farko, kuma za a sake fitar da su da sauti mai tsabtar da ba a taɓa ji ba. Na'urorin yanzu suna kwashe duk abin da zare ya ɗauka, har numfashin mawaƙi da ƙarar kujera. A ƙarshen wani zare, bayan waƙa ta ƙare, ta ji Doyle yana dariya yana cewa, "Verna Mae, hannun hagun nan naki zai ture ni daga kan hanya." Alhali a bayan faifan an rubuta Buck Tillery ne mai fiyano. Wata biyu ta yi tana tambayar tsofaffin makaɗan garin, har wani ya ce mata Verna Mae ɗaya ya sani mai irin wannan hannu, kuma tana nan tana kaɗa wa coci kowace Lahadi.

Daga ƙarshe ta roƙi Verna ta zo situdiyon kamfanin ta saurari zaren da kunnenta. Verna ta ce za ta yi tunani, ta ajiye waya. Odell ta ce ita dai ta riga ta gama nata tunanin, ranar Alhamis za ta kai ta can a mota.

Abin ya faru ne a shekarar 1957, Verna tana da shekara goma sha tara. Mahaifinsu dattijon coci ne, mutum mai tsauri, kuma a wurinsa kiɗan rok-an-rol aikin shaiɗan ne kai tsaye. Ita kuwa tana guga a wani gidan wanki kusa da ƙaramin situdiyon da Doyle yake zuwa. Wata rana mai kaɗa masa fiyano ya sha ya yi tatil bai zo ba, mai share wurin ya ce akwai yarinya a maƙwabta da ke girgiza coci da kiɗan fiyano. Ta shiga ta ƙofar baya da ƙyallen aikinta ɗaure a ƙugu. Doyle siririn saurayi ne farar fata, ɗan ƙauyen Arkansas, da man gashi har yana ɗiga masa a goshi. Ya miƙe ya ba ta kujera, abin da ba ta saba gani daga irinsa ba. Kafin la'asar sun ɗauki waƙa huɗu.

Ita da bakinta ta roƙi mai situdiyon kada ya sa sunanta, don idan babanta ya ji, ba ta da sauran wurin kwana. Shi kuwa abin ya zo masa daidai, tunda akwai gidajen rediyon da ba za su taɓa faifan farar fata da baƙar yarinya a bayansa ba. Sai ya rubuta sunan ƙanin matarsa, Buck Tillery, wanda ko murfin fiyano bai iya buɗewa ba. Shekara biyu ta yi tana shiga ta ƙofar nan. Daga baya Doyle ya tafi California, ita ta auri Malam Suggs mai aikin jirgin ƙasa, ta haifi uku, ta binne miji. Odell kaɗai ta sani. Duk sanda aka sa ɗaya daga cikin waƙoƙin a rediyo, ko a wani kanti, sai su dubi juna su yi shiru. Har littattafai an rubuta a kan gwanintar Buck Tillery.

Ranar Alhamis Verna ta sa rigarta shuɗiya ta zuwa coci da hula mai fure. Odell ta ce mata ai ba biki za su ba, Verna ta ce ba ta tambaye ta ba.

Lenore ta tarye su a ƙofar gaba. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ta ɗaure gashi a ƙeya, tana ta kiranta Mis Verna. Ta kai su wani ɗaki mai sanyi da aka lulluɓe bangonsa da soso, da lasifika biyu tsayin mutum, da fiyano a kusurwa. Ta zaunar da Verna a tsakiya, ta ce nan ne kunne ya fi jin komai, sannan ta danna kwamfuta.

Da farko sautin shuuu na zare ne kawai. Sai tarin mai ganga. Verna ta gane tarin nan take, mutumin da ba ya rabuwa da taba. Sai kiɗa ya ɓarke, ɗakin nan na shekara sittin da biyu baya ya dawo gaba ɗayansa. Ta ji ƙugin fanka. Ta ji ƙarar fedar fiyanon, wadda kullum take kuka kamar ɓera. A tsohon faifai fiyanon can ƙasa yake, jita da ganga sun danne shi, sai ka kasa kunne kake tsinkayo shi. Yanzu ga shi ɓaro-ɓaro, hannun hagu yana tafiya kamar jirgin ƙasa ya bar tasha, na dama yana yayyafa masa ƙananan maɓallai. Ashe haka yarinyar nan take kaɗawa. Verna ba ta yi kuka ba. Ta gyara zama, ta ɗaga haɓa, kamar yadda take yi idan fasto ya ambaci sunanta a gaban jama'a.

Odell ce ta yi kukan, tana yi tana cewa sanyin ɗakin ne ke damun idonta.

Da waƙar ta ƙare Lenore ta tambaya yaya ta ji.

"Ya fito tas, 'yata. Amma yana gudu."

Lenore ta ce wannan shi ne ainihin zaren da aka buga faifan daga gare shi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Verna ta ce ba ta ce ita ta ƙara ba. Mai situdiyon ne. A lokacin ya ce muryar Doyle ta yi kauri, 'yan mata kuwa muryar yaro suke saye, don haka da zai kwafe zaren sai ya ƙara masa gudu kaɗan. Doyle ya yi fushi har ya fita ya zauna a mota, ya ce an mai da shi zakara ɗan shila. Ita kuwa ba ta da bakin magana, tunda a takarda ma ba ta nan.

Lenore ta dube ta. Ba ta musa ba, amma a fuskarta Verna ta ga abin da take tunani: tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, da abin da ya faru tun kafin a haifi ita Lenore.

Verna ta miƙa wa Odell jakarta, ta dogara sandarta ta nufi fiyanon. Ta ce waƙar nan a kan baƙaƙen maɓallai ta kaɗa ta, don a nan 'yan coci suke koyon kiɗa, kuma a nan muryar Doyle take zama daram. Yatsunta sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai, zoben aurenta ma ya daɗe ba ya fita. Ta ɗora su, ta fara a hankali, sai hannun ya tuna hanyarsa. Lenore ta sake kunna waƙar a kai. Suka ƙi haɗuwa, na lasifika yana sama da nata kaɗan, kamar mutum biyu suna rera waƙa ɗaya suna gaba da juna. Lenore ta riƙa rage gudun sannu sannu, har aka kai wani wuri da fiyanon zare da na ɗaki suka zama abu guda.

A nan muryar Doyle ta sauko. Ta zama muryar namiji, mai nauyi, da ɗan dusashewa a ƙarshen kowane baiti. Odell ta ce yanzu ta ga dalilin da ya sa Verna take daɗewa wajen gyara gashi kafin ta tafi gidan wanki. Verna ta ce ta rufe mata baki, a gaban yara.

Bayan kwana uku Lenore ta zo har gida. Ta ce ta auna gunjin wutar lantarki da zaren ya ɗauka a ɓoye, wanda injiniyoyi suka san daidai yadda ya kamata ya kasance, ta tarar shi ma ya hau sama gwargwadon yadda Verna ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Waƙa goma sha ɗaya aka yi wa haka. A kamfani an yi ta ja-in-ja, wasu na cewa masoya sun saba da muryar da suka sani tun ƙuruciya, ba za su yarda a taɓa musu ita ba. A ƙarshe aka tsaya a kan za a fitar da duka biyun, mai saye ya zaɓa da kunnensa.

Odell ta kawo mata shayi mai ƙanƙara da burodin masara. Sai Lenore ta fito da takarda ta ce saura magana ɗaya: suna so su cire sunan Buck Tillery su sa nata, idan ta amince.

Verna ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce a ba ta zuwa Litinin. Odell ta zaro ido ta tambaye ta wa take tsoro kuma, Baba ya fi shekara arba'in a kabari. Verna ta naɗe takardar. Ba tsoro ba ne. Tunani take yi a kan mahaifin nasu. Shi ne ya zaunar da ita gaban tsohon fiyanon coci tana shekara shida, yana tsaye a kanta yana buga ƙasa da takalminsa, yana cewa hannun hagu shi ne ƙafar jama'a, idan ya yi tuntuɓe duk coci ta faɗi. Abin da ya tsana ɗin, da kayan aikinsa aka gina shi, bai sani ba har ya mutu.

Ranar Litinin ta kira Lenore ta ce a rubuta, amma ba Suggs ba.

"A sa Verna Mae Pickett. Sunan babana ke nan. 'Yarsa ce ta kaɗa, matar Suggs ba ta zo duniya ba tukuna."

Faya-fayen sun fito a watan Oktoba, cikin akwati mai kyau, da ɗan littafi a ciki. Hotonta ya cika shafi guda, da hular nan mai fure. Aka yi ta surutu a jaridu da rediyo. Wani dattijo da ya rubuta dogon bayani a kan salon Buck Tillery shekaru talatin da suka wuce ya aiko mata da wasiƙar ban haƙuri da hannunsa, shafi huɗu. 'Yar Doyle ta kira daga California ta ce wannan ce muryar da babanta yake rera musu waƙa da ita a mota, ba ta taɓa jin ta a faifai ba sai yanzu. 'Ya'yan Verna kuwa suka yi ta ƙorafin an ɓoye musu, babban har yana cewa da waƙar nan ya yi rawa ranar bikinsa, tana zaune tana kallonsa ba ta ce uffan ba. Ta ce masa ai rawar tasa ba abin da za a yi magana a kai ba ce.

Coci ce ta fi damunta. Ran Lahadi fasto, matashi ne, ya ɗaga akwatin a kan mumbari ya ce ashe shekara da shekaru suna zaune da tarihi a kusurwar hagu ba su sani ba. Jama'a suka miƙe suna tafi. Verna tana kan kujerar fiyano, ta sunkuyar da kai sau ɗaya, sannan ta ba mawaƙa alama su shiga waƙa ta gaba, don lokaci yana tafiya.

Bayan an tashi aka yi suyar tarwaɗa a farfajiya. Mama Eula, shugabar matan coci, wadda ta fi kowa tsananin riƙon addini kuma ba ta taɓa yaba wa Verna komai ba, ta zo ta tsaya a kanta da faranti a hannu. Ta ce ita dama tun tuni tana jin wani abu a hannun nan da bai yi kama da na littafin waƙoƙi ba. Verna ta shirya wa faɗa. Sai Mama Eula ta waiga ta ga fasto ya yi nisa, ta rage murya.

"Sista Verna, waccan ta biyun a faifan farko. Da ita marigayi mijina ya fara jan hannuna. Ko za ki ɗan taɓa mana?"

Maza huɗu suka turo tsohon fiyanon ɗakin taro zuwa bakin ƙofa. Verna ta goge man kifi daga yatsunta, ta zauna, ta ce duk wanda ƙugunsa ya goce kada ya ce ita ce. Ta kaɗa ta sau biyu, don a na farko Mama Eula ba ta sami inda za ta ajiye farantinta ba.