Ɗakin Inji a Ƙarƙashin Gadon Kurciya

Gadon 'yata yana daidai saman ɗakin inji. Da ƙafata na auna: taku huɗu daga bakin matakala zuwa bangon ɗakinta a sama, taku huɗu daga gindin matakala zuwa ƙofar ƙarfen nan a ƙasa. Tsakanin katifarta da injin babu komai sai rufin siminti da kaurinsa bai wuce taƙi ɗaya ba.

Kurciya muke ce mata, don tun tana wata biyu in ta ƙoshi sai ta kama wani gunaguni a maƙogwaro. Watanta takwas lokacin da abin nan ya faru.

Mu da Yaya Mai Ɗinki muke haya a sama. A ƙasa Baba Mai Bene yake da firij shida na ƙanƙara, yana sayar wa masu kifi da masu lemo. Wutar layinmu ba ta da alkawari, don haka da aka shimfiɗo bututun iskar gas a titinmu, sai ya rabu da tsohon injinsa na dizal ya sayo mai shan gas, ya ja wa kowa waya. Ni ma na yi murna. Hayaƙi ya ƙare, ƙara ta ragu, fararen kayan Kurciya suka daina dawowa daga igiya da ɗigon baƙi.

A sati na uku ne na ji warin. Da safe, na durƙusa ina sharar ƙarƙashin gado, sai ya ɗan taɓa ni ya wuce, kamar ƙwai da ya fara lalacewa a wani gida can nesa. Na juye katifa. Na ja akwati ina neman mushen ɓera. Na zuba ruwan zafi a magudanar banɗaki. Washegari ya dawo, kuma a wuri ɗaya: kusurwar da bututun ruwa ya huda ƙasa ya shigo, inda magini ya bar ɗan gibi da yatsa zai shiga.

Na kira mijina. Ya durƙusa da kayan aikinsa a jiki, ya ja iska sau biyu.

"Maman Kurciya, ni kunzugu nake ji."

"Na wanke kunzugu tun asuba. Sake ja."

"To hancina ne ya yi ritaya. Ki tambayi Baba, amma a hankali, kin san shi da injin nan kamar amarya."

Na sauka. Baba Mai Bene bai bari na kai ƙarshen magana ba ya zaro mukulli, kuma wannan saurin ne ya fara tsaya mini a rai. Ya wangale ƙofar ƙarfen, iskar titi ta shiga. Ɗakin fes. Inji shuɗi a tsakiya, bututu mai ruwan ɗorawa ya bi bango ya sauko masa, ramukan iska uku a jere a gindin bango.

"Shaƙa, 'yata. Shaƙa da kyau."

Na shaƙa. Man inji kawai.

Ya nuna mini wata 'yar farar na'ura da aka ɗaure a bango, taƙi ɗaya daga ƙasa, da ɗigon koren haske a goshinta. "Kin ga wannan? Ƙararrawa ce. Gas ko kamar numfashin sauro ya fita, sai ta tashi unguwa. Ta fi hancina, ta fi naki, ta fi na kare."

Na yi godiya na hau. Amma ruwa ba ya tsami banza. Koren haske ai kowa zai iya kunnawa. Wa ya taɓa jin kukanta? Na fara lura. Mai Gas, wanda ya haɗa bututun cikin gida, wani dattijo mai guntun gemu da jakar sifana a kafaɗa, yana zuwa sau biyu a sati. In aikin ya yi kyau, me yake dawowa yi? Sau biyu na sauko da bokiti na tarar da su kai da kai a bakin ƙofar, suna ganina suka yi tsit, Baba ya kama tambayata lafiyar yarinya da murya mai zaƙi fiye da kima.

Na kai maganar wurin Yaya Mai Ɗinki. Ko ƙafa ba ta ɗaga daga keken ba, sabon kekenta mai aiki da wuta.

"Ƙanwata, haihuwar fari ce ke damunki. Ni lokacin babbana har tuhumar fanka nake yi. Ki rufa mana asiri, shekara shida ina taka keke da gwiwa, yanzu na samu hutu za ki jawo a kashe inji?"

"Yaya, ba a kan kekenki injin yake ba. A kan 'yata yake."

"A ƙarƙashinta dai."

"To ai shi ne."

Ran nan na dawo da gadon Kurciya falo. Na cusa tsohon tsumma a gibin, na rufe ɗakin. Bayan kwana biyu na zare tsumman na jefa shi a leda na ƙulle, da mijina ya dawo daga aiki na kwance masa a ƙarƙashin hanci. Ya ja baya har ya bugi kujera.

"Wannan ba kunzugu ba ne," in ji shi.

"Falo da ɗakin nan ƙofar katako ce tsakaninsu. In wani abu ya tashi, ba zai tambayi inda gado yake ba."

"To me kike so a yi?"

"Asabar Mai Gas zai zo. Kai za ka riƙe Kurciya."

Asabar da hantsi akwai wutar layi, inji a kashe. Na tura mijina da Kurciya inuwar shagon da ke tsallaken titi, na ce kada ya matso ko me ya ji. Na kaɗa garin sabulu a roba har kumfa ta taso, kamar yadda mahaifiyata take gwada tukunyar gas ta girki, na ɗauki soso na sauka.

Suna ciki su biyu. Na yi sallama, na gaishe su yadda ya kamata, sannan na ajiye robar.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙararrawar nan ba ta aiki. Ko batir aka cire, ko dama hoto ce."

Mai Gas ya dube ni, ya dubi Baba. Ya sunkuya ya danna wani maɓalli a gefenta. Ƙarar da ta fito sai da na toshe kunne. Yaya Mai Ɗinki ta leƙo daga saman matakala da allura a baki.

"Hoto ya yi magana," in ji Mai Gas bayan ya sake ta. "Yarinya, shekara ashirin da biyu ina haɗa gas a gidajen mutane da gidajen abinci. Ko gashin girar wani bai taɓa ƙonewa a aikina ba. Kina cikin zane na fara."

Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Na ji Yaya tana cewa, "Na faɗa miki." Da don kaina ne, da na kwashi robata na hau. Amma na tuna ledar nan.

"Na yi kuskure, Baba, ka yafe ni. Amma tunda na riga na kaɗa sabulun, kada ya tafi a banza."

Mai Gas ya yi tsaki, ya karɓi soson da kansa. Ya bi gaɓoɓin bututun ɗaya bayan ɗaya, wadda ke bakin inji, wadda ke wajen marufi, wadda ke gwiwar ƙasa, yana shafa kumfa yana kallona. Kumfar ta kwanta lamo, tana tsiyaya a hankali.

"Kin gamsu?"

Na ɗaga kai. Bututun daga titi ta sama ya shigo, dab da rufi, ya yi gwiwa sannan ya sauko. Kusa da gwiwar, ga bututun ruwanmu ya huda rufin ya haye, da ɗan gibin a gefensa.

"Waccan fa?"

"Waccan na gwada ta ranar da na ɗaura."

"Sati biyar ke nan. Inji yana girgiza bangon nan kullum, har cokula suna rawa a kicin ɗina."

"Maman Kurciya," in ji Baba Mai Bene, "ki bar mutum ya yi aikinsa mana."

Akwai tsani jingine a bayan ƙofa. Na ɗaure zanena da kyau, na jawo shi.

"Ke! Za ki faɗo!"

"To riƙe mini, Baba."

Ya riƙe, don ba shi da yadda zai yi. Tun ina mataki na huɗu warin ya tare ni, ba ɗan taɓawa irin na sama ba, cikakke, har idona ya kawo ruwa. Na matse soso a kan gwiwar. Da farko shiru. Sai wani ƙwai na kumfa ya fara kumbura a ƙasan gaɓar, ya kai girman lemon tsami, wani ya biyo shi, wani ya hau kansa, suka yi curi. Curin ya yi rawa, ya rabu da ƙarfen.

Na kawar da kai don kada ya faɗo mini a fuska. Bai faɗo ba. Sama ya yi, a hankali, ya je ya manne da rufi kusa da gibin, ya fashe. Na biyu ya bi shi.

Na dubi ƙasa na ga Mai Gas baki buɗe, yana kallon rufi, sannan ya sauke ido kan ramukan iskarsa uku a gindin bango, sannan kan ƙararrawar.

"Sauko," ya ce, muryarsa ta canza. "Sauko a hankali. Kada wanda ya taɓa makunnin fitila."

Ya fita da sauri ya rufe babban marufin gas da ke waje, ya dawo ya kwance ƙararrawar daga bango, ya hau mataki uku ya ɗaga ta sama da kansa. Bai danna komai ba. Ta fasa ihu.

A waje muka tsaya, ƙofa a wangale. Ya zauna a kan bulo yana juya na'urar a hannu.

"Gas ɗin tukunya nauyi gare shi," ya ce, ba ni yake kallo ba. "In ya zuba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Shi ya sa kullum rami a ƙasa, ƙararrawa a ƙasa. Na bututu kuwa ya fi iska sauƙi, sama yake gudu, sai an yi masa rami a sama. An faɗa mana, wallahi an faɗa mana ranar da aka tara mu. Na ji da kunnena. Da na zo aiki, hannu ya yi abin da ya saba."

"Shi ya sa kuke yin shiru in na wuce?"

Baba Mai Bene ya sosa ƙeya. "A'a, wannan hancinki muke zance. Mun sa miki suna ma, amma bari kawai."

Yaya ta yi dariya ita kaɗai, ta ga babu mai taya ta, ta haɗiye.

Mai Gas ya jira iska ta wanke ɗakin, ya hau ya kwance gaɓar, ya sake naɗe ta ya ɗaure. Yana saukowa wutar layi ta ɗauke. Firij shida suka yi shiru lokaci guda, Baba ya dube su kamar mai duban marasa lafiya.

"To alhamdulillahi an ɗaure," ya ce. "A tayar da inji. Ramin sama sai sati mai zuwa in magini ya samu sarari."

"Baba, girgizar da ta kwance gaɓar tana nan. In ta sake kwancewa kafin sati mai zuwa, ina gas ɗin zai tafi?"

"Ƙanƙara za ta narke, 'yata. Masu kifi da la'asar za su zo."

Na ɗauko kujerar da yake zama a kanta yana jiran masu saye, na ajiye ta a gaban babban marufin, na zauna. Ban taɓa yi wa babba haka ba, kuma gidansa ne. Ya dubi Mai Gas yana neman mai goya masa baya.

"Ni ba zan buɗe ba," in ji Mai Gas. "Kira magini. Ka ce masa ya zo da guduma da siminti kaɗan."

Sai bayan azahar maginin ya iso, yana mita an tashe shi daga wani aiki. Ya fasa bulo biyu a can sama, dab da rufi, ta bangon da ke kallon titi. Na ce ya ƙara ɗaya. Ya dubi Baba, Baba ya ɗaga hannu alamar a yi mata. Ya toshe gibin bututun ruwa ta ƙasa, na hau da ragowar simintin na toshe ta sama da hannuna. Mai Gas ya ɗaure ƙararrawar taƙi ɗaya daga rufi. Ruwan ƙanƙara ya fara bin ƙarƙashin firij yana fitowa bakin ƙofa, Baba yana share shi da tsintsiya.

"Yanzu fa?" ya tambaya daga ƙarshe.

"A buɗe gas, a rufe ƙofa, kada a tayar da inji. Awa ɗaya. In ƙararrawar ba ta yi kuka ba, shi ke nan."

Na tsallaka titi. Mijina ya miƙo mini Kurciya, ta yi zufa, ta gaji da hannunsa, tana neman nono. Na zauna a bencin shagon na juya baya ga masu wucewa na ba ta, kunnena yana kan ƙofar ƙarfen. Motoci suna wucewa, wani yana gyaran babur a gefe, duk ƙarar da ta tashi sai na ɗago.

Da awa ta cika, Mai Gas ya hau tsani da soso, ya jima, ya fito ya ɗaga mini hannu biyu.

"Mu tafi?" in ji mijina.

"Ta fara barci. Bari ya yi nauyi."

Ya san ba barcin nake jira ba. Muka ƙara rabin awa. Sannan na gyara ta a kafaɗa, na duba hagu da dama, muka tsallaka.